Mai Tanki da Telolin Yaya

Kun taɓa ganin gizo-gizon nan mai rawaya da baƙi, wanda yake zama a tsakiyar saƙarsa a cikin lambu, kai a ƙasa, ƙafafu a haɗe bibbiyu? To in kun taɓa gani ku tsaya ku ji, in ma ba ku taɓa gani ba ku tsaya, don a kansa ne wani bawan Allah ya ɓata da yayansa uwa ɗaya uba ɗaya, kuma wallahi gizo-gizon nan ba shi da laifin komai.

Mutumin Mai Tanki ake ce masa. Mai feshi ne, irin waɗanda suke goya tanki a baya suna bin lambuna da gonaki da bayan gidaje suna fesa magani. Shekara ashirin da biyu yana wannan aiki, har hannunsa na hagu ya fi na dama kauri saboda buga famfo, kuma in yana tafiya ko ba kaya sai ka ga ya ɗan duƙa gaba kamar tankin yana nan. A gidansa igiyar shanyarsa daban, bokitinsa daban, sabulunsa daban, matarsa ba ta yarda yara su taɓa shi sai ya yi wanka ya sake kaya. Kuma mutum ne mai tsantseni a aikinsa, wannan kowa ya shaida. Tankuna biyu gare shi, duka shuɗi, ɗaya na maganin ƙwari, ɗaya na maganin ciyawa, na ciyawar ya ɗaura masa jan ƙyalle a igiya don kar a yi kuskure. In ka kira shi aiki sai ya ishe ka da wa'azi kafin ya fara. Zai ce maka tankin da ya sha maganin ciyawa ba a kai shi kusa da shuka, in kuma dole ta kama to wanki uku da sabulu, a buga ruwan ya bi ta tiyo, a kife shi a rana yini guda. Har masu lambu suna kwaikwayon muryarsa in ya juya baya.

Aibinsa ɗaya, zuciyarsa a kusa take. Yana hawa kamar madara a wuta, in ya sauka kuma kunya ta hana shi cewa na yi kuskure.

Yayansa kuwa mai lambu ne, kowa Yaya yake ce masa, har waɗanda suka girme shi. Lambun na mahaifinsu ne, yana can bayan gari kusa da rafi, da shingen ƙaya da ƙofar langa-langa da rijiya a tsakiya. Mahaifin ya rasu Mai Tanki yana shekara tara, to Yaya ne ya riƙe shi, da tumatir da latas ɗin wurin nan ya ciyar da shi, ya yi masa sutura, ya yi masa aure. Yaya ba mai magana ba ne, in ya yi maka jimla uku a jere to ranar ya yi surutu. Gajere yake kiran ƙanin nasa tun suna yara, alhali yanzu sai ya ɗaga kai yake kallon fuskarsa. Kullum da safe kafin Mai Tanki ya tafi aiki sai ya biya ta lambun, su zauna a gindin lemun tsami su sha shayi, su yi gardamar da suka yi jiya da shekaranjiya.

Gardamar ɗaya ce, feshi. Yaya yana barinsa ya fesa wa kabeji can ƙarshen lambu in tsutsa ta yi yawa, amma layin tumatir da ke jikin shinge, a'a. Saboda a nan gizo-gizon suke, sun fi talatin, kowanne da saƙarsa mai faɗi kamar faranti daga wannan sanda zuwa waccan. Yaya telolina yake ce musu, don a tsakiyar kowace saƙa akwai wani farin ɗinki mai karkace-karkace daga sama zuwa ƙasa, irin wanda tela yake yi a bakin yadi don kar ya zare. Yakan kama hannun ƙanin nasa ya ja shi har gaban saƙar kamar yau ya fara nuna masa. Ya ce ka duba cikin, baƙi ne da ɗigo-ɗigon rawaya a gefe da gefe, kan kuma fari-fari kamar an shafa masa toka, ƙafafu dogaye baƙaƙe da ɗan ja kusa da jiki. Ya ce babbar nan mace ce, mijin ga shi can a gefe ɗan firit kamar an aiko shi. Ya ce in ka ga wannan kala da wannan ɗinki to ka wuce abinka, ba ta bin mutum, ba ta shiga ɗaki, in ka matsa mata ma faɗuwa take yi ƙasa ta ɓuya. Fara take ci da ƙuda da ƙwarin da ke sa wa tumatir tsutsa. Wai shekararsa arba'in a cikinsu, sau ɗaya wata ta taɓa cizonsa da ya danne ta da hannu, kuma zafin bai kai na harbin ƙudan zuma ba.

Mai Tanki yakan ce duk abin da Allah ya yi wa kala mai ihu haka to gargaɗi ne, ai zanzaro ma haka yake. Yaya yakan ce to rigar makarantar 'yarka ma rawaya ce, wa ta ciza? Matar Yaya in ta kawo musu burodi ita ma sai ta sa baki, don tsakaninta da ƙanin mijin nata tsokana ce kullum. Takan ce masa, "Mijina na biyu, rabu da shi, da telolin nan sun iya dafa shayi da tuni ya manta hanyar gida." Shi kuma ya ce ai gara su, ba sa tambayar cefane.

Akwai kuma maganar iri, ita ce ta sa abin ya yi nauyi. Tumatir ɗin layin shingen nan ba na kanti ba ne, irin mahaifinsu ne, ƙanana masu kauri da ba sa saurin ruɓewa. Kowace shekara Yaya yana zaɓar masu kyau ya matse, ya shanya 'ya'yan a takarda ya zuba a kwalba. To a shekarar da abin ya faru damshi ya shiga kwalbar, rabi ya yi funfuna, sai Yaya ya shuka duk abin da ya rage gaba ɗaya don ya sami sabo. Bai bar ko ƙwaya ba. Mai Tanki ya san da haka, a gabansa aka juye kwalbar.

Yanzu ga yadda aka yi. Mai Tanki yana da 'ya mai shekara shida, Auta, ita ce ransa. Ran Asabar ta yini a lambun wajen Baba Babba, haka take kiran Yaya. Ran Litinin da safe ta tashi tana kuka, aka duba wuyanta sai ga wani jan layi daga ƙarƙashin kunne har kafaɗa, ya yi ƙuraje masu ruwa kamar an ɗiga mata tafasasshen mai. Kafin a ce me, maƙwabta sun cika tsakar gida. Wata tsohuwa maƙwabciyarsu tana leƙawa ta ce ai wannan fitsarin gizo-gizo ne, ta sha gani, in ba a yi sa'a ba tabon ba ya fita har girma. Aka tambayi yarinyar ko ta taɓa gizo-gizo, ta ce e, ta shiga saƙa da fuska a lambu tana bin fara, mai rawaya ne. Shi ke nan magana ta zauna. Matarsa tana riƙe da yarinyar ta dube shi a gaban matan nan ta ce shi da yake kashe wa duk gari ƙwari, ga 'yarsa an bar wa ƙwarin yayansa suna kiwo a jikinta.

Maganar nan ta shige shi. Ya nufi ɗakin kayan aiki. To tankin ƙwarin ba ya nan, robar famfonsa ta tsage tun ran Juma'a, yana wurin mai gyara. Saura mai jan ƙyalle, wanda ya yi feshin ciyawa da shi jiya-jiya a filin wata makaranta. Ya tsaya ya dube shi. Ya sani fa, ba wai bai sani ba, shi ne mai wa'azin wanki uku. Ya kai shi bakin famfo ya zuba ruwa ya girgiza sau ɗaya ya zubar, ko ta tiyo bai buga ba. Zuciyarsa ta ce ƙara, sai kukan Auta ya sake tashi daga ɗaki, kawai ya auna maganin ƙwari murfi biyu maimakon ɗaya, ya cika ruwa ya goya.

Ya san Litinin Yaya yana kai latas kasuwa, ba ya dawowa sai rana ta take. Ya tura ƙofar langa-langar ya shiga. Ya fara daga kan shinge ya bi layin nan tsaf, sama da ƙasa, ganye da fure, don a lokacin tumatir ɗin ya cika da fure har ya fara ɗaura 'ya'ya. Gizo-gizon suna zubowa ɗaya bayan ɗaya, wasu su naɗe ƙafafu a saƙar, wasu su sauko a zare su tsaya a rataye. Har jakar ƙwansu mai kama da busasshiyar takarda ya bi ya jiƙe. Da tankin ya ƙare ya sake cikawa a rijiya ya koma ya maimaita.

Yana wanke hannu Yaya ya shigo da kwandunansa a keke. Tun daga ƙofa wari ya gaya masa. Ya jingine keken a hankali, ya bi layin yana kallo, ya tsuguna ya ɗauki ɗaya a tafin hannu ya juya ta. Mai Tanki bai jira an tambaye shi ba, ya hau faɗa, ya faɗi abin da ya sami Auta, ya ce shekara nawa yana faɗa ba a ji, ya ce 'yarsa ta fi masa ƙwarin wani. Yaya ya bari har ya gama, sannan ya tambayi jikin yarinyar, ya ce a kai ta asibiti kar a tsaya shafe-shafe.

"Ba su ba ne, Gajere," ya ce. "Amma tunda ka yi, ka yi. Wata shekara wasu za su zo."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Da abin ya tsaya a nan da yanzu ba ni da labarin ba ku.

Ran Laraba ciwon ya ƙaru, har ya kama haɓar yarinyar inda take taɓa wuya, sai suka kai ta ƙaramin asibitin unguwa, Mai Tanki da matarsa. Nas ɗin wata babbar mace ce mai tabarau, tana gani ta ce wannan na biyar ke nan a satin. Uwar Auta ta fara bayanin gizo-gizo, nas ta ce wane gizo-gizo kuma, gizo-gizo ba ya yi wa mutum fitsari. Ta ce wani ɗan siririn ƙwaro ne kamar tururuwa, ja da baƙi, yana bin hasken fitila ya shigo ɗaki, ba ya ma cizo, sai in ka murje shi a jikinka ruwan cikinsa ya ƙona fata, shi ya sa ciwon ya yi layi, hanyar da hannu ya bi ke nan. Ta tambayi Auta ko ta mari wani abu a wuya tana kwance, yarinyar ta ce e, wani abu ya yi mata tafiya ta murje shi. Nas ta ce su je su duba bakin tagarsu. Ta ba su man shafawa ta ce sati biyu zai wuce.

Suna komawa gida Mai Tanki ya je tagar ɗakin yara, inda ƙwan fitila yake a waje kuma ragar tagar ta yage. Ga su nan a kan dakalin taga, matattu da masu rai, ja da baƙi, sun fi goma. A gidansa, shi mai feshi. Ya ce wa matarsa gobe da safe zai je ya ba Yaya haƙuri, kuma har ransa ya yi niyya.

Sai dai Yaya ya riga shi. Ran Alhamis da sassafe Mai Tanki yana ƙofar gida yana ɗaure takalmi, maƙwabta biyu suna zaune a benci suna jin rediyo, matarsa tana shara a soro, sai ga Yaya a ƙafa, ba keke, da reshen tumatir a hannu. Bai ko zauna ba. Ya gaisa da mutanen, ya tambayi Auta, sannan ya miƙa wa ƙanin reshen. Ganyen duk ya murɗe ya nannaɗe kamar igiya, kan reshen ya lanƙwashe ƙasa, furen ya zube. Duk wanda ya taɓa riƙe tanki ya san wannan ba aikin rana ba ne, ba aikin cuta ba ne. Mai Tanki yana gani ya gane aikin maganin ciyawa ne.

"Da wane tanki ka yi?" Yaya ya tambaya.

Mutanen benci sun rage rediyo. Tsintsiya ta tsaya a soro. Kuma ɗaya daga cikin masu bencin nan mai lambu ne, yana cikin waɗanda Mai Tanki yake yi wa wa'azin wanki uku. Kalma biyu kawai ake nema, mai ƙyalle, a wuce wurin. Amma bakinsa ya ƙi.

"Da na ƙwari mana," ya ce. "Ni za a koya wa aikina?"

Da ya tsaya a nan ma da sauƙi. Sai ya ƙara da cewa ai irin ne ya tsufa, shekara da shekaru ana juya abu ɗaya, ga funfuna ta ci rabinsa, dole wata rana ya nuna, mutane suna ta sayen sabon iri a kanti shi Yaya ya liƙe wa na da. Yaya ya dube shi, kallo ba na fushi ba, irin kallon da kake yi wa mutum in kana son ka tabbatar shi ne. Ya karɓi reshensa ya ce to, Allah ya ƙara wa yarinya sauƙi. Ya juya ya tafi.

Washegari Mai Tanki ya je karɓar tankinsa a wurin mai gyara. Ga shi nan a rataye a ƙusa a bakin rumfa, shuɗi, kowa ya zo wucewa yana gani. Mai gyaran yana ɗaura robar yana surutu, ya ce af, yayanka ma ya biyo ran Laraba da yamma neman bawul ɗin keke, ya tsaya ya daɗe yana kallon tankin nan, har ya tambaya tun yaushe yake nan, na ce tun Juma'a.

Kun gane ko? Yaya ya san amsar kafin ya yi tambayar. So yake kawai ya ji daga bakin ƙaninsa.

Daga ranar Mai Tanki ya sake hanya. Maimakon ya bi ta rafi sai ya zagaya ta bayan gidan bulo, tafiyar da ta ninka, da tanki cike a baya. Kullum in ya tashi sai ya ce yau, in ya kai mararraba sai ƙafa ta ɗauke shi ta wancan gefen, ya ce gobe in ya shirya abin da zai faɗa. Ya shirya maganar ta fi sau ɗari, yana buga famfo yana maimaitawa a ransa. Matarsa ta ce ya je, ita ma ta ce bakinta ne ya jawo, ya daka mata tsawa. Ya ji a bakin mutane cewa layin tumatir ya mutu gaba ɗaya, ko ɗaya bai nuna ba balle a sami iri, har barkonon da ke kusa ya taɓu. Ya ji an ce Yaya ya tuge su shi kaɗai ya tara ya ƙona. Kuma duk wanda ya tambayi Yaya me ya faru sai ya ce shekara ce ta zo da haka. Bai taɓa kama sunan ƙanin ba, shi ya sa har yau ana kiran Mai Tanki aiki.

Sau ɗaya ya haɗu da matar Yaya a bakin kasuwa. Ya yi shirin tsokana ko za a sami hanya, ya ce uwargida ran gida. Ta gaishe shi da ladabi kamar baƙo, ta tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, ta ce a gaishe su, ta wuce. Ya ce da ta zage shi da ya fi masa daɗi.

Bayan kamar wata biyu sai ga ta a gidansu da rana, ba ya nan. Ta ba matarsa makullin ƙofar lambu a ƙulle a leda. Ta ce babban ɗansu mai shagon fenti a wani gari ya daɗe yana roƙon uban ya zo ya huta, to yanzu ya yarda, jibi za su tafi. Ta ce Yaya ya ce lambu na su biyu ne, ga makulli. Jibin nan Mai Tanki ya ji ƙarar motar kaya, ya san ta ina za ta bi, ya ɗauki tanki ya tafi wani aiki can nesa da ba a ma kira shi ba.

Lambun kuwa ya gwada, amma shi kashewa ya iya, rayarwa bai iya ba. Bai san ranar dashe ba, bai san yawan ruwan da latas yake so ba. Wata uku wurin ya koma ciyawa har gwiwa. Wuyan Auta ya warke sumul, ko alama babu.

Sai da aka yi wata goma. Ɗan Yaya ya bugo waya ya ce Baba Ƙarami, hawan jini ya ɗan taɓa Baba, ɓarin hagu, amma da sauƙi, ya ce kar a gaya maka, ni ne dai na ga bai dace ba. Wannan karon Mai Tanki bai tsaya shirya magana ba, ya shiga mota, tafiyar awa huɗu.

Ya sami Yaya a ƙofar shagon fentin a kan farar kujerar roba, da sanda a jingine, yana kallon titi. Ya rame, ya yi fari. Abin da ya fi dukan Mai Tanki hannuwan ne, sun yi laushi, farce tas ba ƙasa ko kaɗan, bai taɓa ganin hannun Yaya haka ba tunda aka haife shi. Yaya ya gan shi ya yi murmushi da rabin baki, ya sa aka kawo masa kujera da ruwa. Suka yi ta gaisuwa, ya hanya, ya yara, ya Auta ta shiga aji nawa. Masu sayen fenti suna shiga suna fita. Gaisuwa ta ƙare, sai Mai Tanki ya sauka daga kujerar ya tsuguna a gaban mutane, shi da bai iya ba a gaban mutum biyu.

"Yaya, da mai jan ƙyalle na yi. Wanki ɗaya na yi masa. Irin Baba ba shi da laifi, ni ne. Na yi maka ƙarya."

Yaya ya ce ya tashi, mutane suna kallo. Ya ƙi tashi. Yaya ya ɗora hannun daman a kafaɗarsa, maganar tana fita a hankali saboda ciwon, ya ce ya yafe tun kafin ya kai gida ranar, tumatir ai tumatir ne, mahaifinsu ma a wurin wani ya samo. Ya ɗan huta, sannan ya ce abin da Mai Tanki yake ɗauke da shi har yau.

"Na sayi irin albasa a satin da abin ya faru, na yi reno. Dashen albasa ba aikin mutum ɗaya ba ne, na ce in ka zo sai mu dasa tare a inda muka tuge. Sati shida ina ba shi ruwa ina kallon ƙofa. Da ya wuce dashe sai na ba awakin maƙwabta."

Mai Tanki ya ce to su koma yanzu, shi zai yi noman, zai ja ruwan, Yaya ya zauna a inuwa yana nuna masa da sanda kawai. Yaya ya dubi ƙafarsa ta hagu, ya ɗan ɗaga ta da hannu ya sake ta ta faɗi. Ya ce likita ya ce kowane sati biyu sai an gan shi, kuma jikoki sun saba da shi, shi yake tsallakar da su titi in an taso makaranta, ko da yake yanzu su suke riƙe shi. Ya ce Gajere ka sami wani mai hannu ka ba shi wurin, kar ƙasa ta zauna haka.

Ya kwana biyu a can. Matar Yaya ta yi masa abinci, har ta ɗan tsokane shi a kan furfurarsa. Ran tafiya Yaya ya dage sai ya raka shi, suka yi tafiyar minti biyar a rabin awa, yana jan ƙafa yana riƙe da hannun ƙanin, har bakin titi inda ake tsayar da mota. Motar ta zo da wuri, kwandasta yana ta buga ƙofa, ko sallama ba su yi yadda ya kamata ba. Ta taga ya hango shi yana neman wanda zai mayar da shi shago.

Yanzu lambun yana hannun wani, kabeji yake yi. Mai Tanki yana nan yana aikinsa, ya daina wa'azi, in ya zo sai ya gaishe ka ya yi abin da ya kawo shi ya tafi. Duk ƙarshen wata yana shiga motar awa huɗun nan, ya zauna a ƙofar shagon fenti yini guda ya dawo.

Don Allah wanda ya karanta kar ya bar shi a wayarsa, ku tura wa wasu, ku tura wa masu lambu da masu feshi, da duk wanda kuka san yana zagaye wata hanya don kar ya haɗu da ɗan'uwansa.